Hannun Inna da Murhun Bango

Laraba, 4 ga Agusta 1982, bayan azahar. Asibiti, Katsina.

Salmanu ya samu barci. An ɗaura mashi ruwa a hannun hagu, sun haɗa hannun da ɗan katako sun naɗe don kada ya fizge. Leɓensa ya kumbura, yawu na ta zuba a kan matashi, ba ya iya haɗiyewa. Kunu ne ya ƙona shi, tun daga harshe har maƙogwaro. Likitan, wani Ba'indiye mai magana ta hanci, ya ce baki zai warke, maƙogwaron ne abin dubawa. Na ce to. Tun jiya duk abin da aka ce mani, to nake cewa.

Inna, mahaifiyata, tana waje gindin dalbejiya. Tun da muka iso ba ta taka ƙofar ɗakin nan ba.

Alhamis, 5 ga Agusta, hantsi.

Kumburin na nan. In ya farka yana son ya yi kuka, muryar ba ta fita, sai dai ya buɗe baki yana kallona. Gara in duƙa kan rubutu da in yi ta kallon bakin nan.

Gidan da muke ciki a Batsari na gwamnati ne, na ma'aikatan aikin gona. Wani Bature injiniya aka gina mawa, bai shekara ba ya tattara ya tafi, sai aka ba maigidana, Malam Abdulgaffar, da aka yi mashi ƙarin girma. Ranar da muka tare na shiga kicin na iske kabad har sama, a tsakiyarsu kuma, daidai fuskar mutum, ga wani akwati mai ƙofar gilashi an dasa shi cikin bango. Na ɗauka talabijin ce. Malam ya yi mani dariya har da riƙe ciki, ya ce sunansa maikirowef. Na ce bakina ba zai iya wannan wahala ba, murhun bango ne. Sunan da ya bi shi ke nan.

Ba wuta, ba hayaƙi, ba hura baki. In an ta da injin lantarki da safe sai ki sa tuwon jiya, ki murɗa, ya yi ta ƙugi, ya buga 'yar ƙararrawa, ɗumame ya yi. Wallahi na yi alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Matan bariki na zuwa kallo ina ta yanga kamar ni na ƙera shi.

Malam ya zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya, ni da ke koyar da aji huɗu, ya karanta mani dokokinsa. Kada ƙarfe ya shiga, ko langa, ko tasa, ko cokali, har farantin tangaran mai zoben zinariya a baki. Kada a sa ƙwai da ɓawonsa, fashewa yake yi. Kada a kunna shi babu komai ciki. Na taɓa rataya wani ɗan kyalle mai ado a kan ramukan da ke samansa don kwalliya, ya zo ya yaye, ya ce ta nan yake shan iska, tunda bango ya rufe shi ta ko'ina in an toshe nan sai gobara. Na yi ta gunaguni ranar.

Akwai ta ƙarshe. Abin sha, in an ɗumama, a gauraya shi sosai, a bari ya jima kafin a kai baki.

Salmanu ya motsa. Bari in duba shi.

Alhamis, magariba.

Na aika ma Inna tuwo da Ɗan'azumi, direban ofishinsu Malam. Ya dawo da kwanon yadda na rufe shi.

Juma'a, 6 ga Agusta, bayan an sauko masallaci.

Ni ce ɗiyar farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce Hansatu ba. Ina 'yar shekara uku aka kai ni riƙo Safana wurin Kawu Hamidu, malamin makaranta, shi ya sa ni boko. Tun daga nan sunana a bakinta "ta Safana". In tana son ta gaya mani abu sai ta kalli danga ta ce, "A kawo ruwa." Ni ma in kalli ƙasa in ce, "An kawo." Haka muke, haka kowa yake a rugarmu ta Babban Duhu, ban kuma taɓa jin abin ya dame ni ba.

Amma Salmanu! A kansa Inna ba ta da kunya ko ta sisin kwabo. Angona take ce mashi. Ta yi mashi rawa, ta ce ya hana ta cefane, ta cusa hanci a wuyansa har ya shiɗe da dariya. Wani lokacin in tsaya bayan ƙofa ina kallo, in ji kamar rabona ne ake ba shi, kuma ban jin haushi.

Yaye ta zo ɗaukarsa, ya kusa shekara biyu. Ta ce za ta yi 'yan kwanaki tukuna ya saba da kunun hannunta. Ta zo mashi da 'yar ƙwaryarsa da ɗan ludayinsa sababbi.

Talata da safe an kwana ana ruwa, itace duk ya jiƙe. Kunun geron da ta dama da asuba ya sandare. Yaro na ta rigima. Na juye a 'yar ƙwaryar, na sa a murhun bango, na fiddo, na ajiye gefen tabarmarta. Ludayin yana hannunta, tana yi mashi wasa da shi.

Na san a gauraya. Na san a jira. Maganar ta zo mani har leɓe. To wa zan gaya mawa? Matar da ta yaye 'ya'ya bakwai, wadda ake kirowa daga wata ruga in jinjiri ya ƙi cin abinci, ni zan tsaya a kanta in koya mata ba yaro kunu? Na ce a raina ai za ta duba. Na ɗauki bokitin shanya na fita.

Ta kuwa duba, ina hangen ta daga bakin igiya. Ta tallabi ƙwaryar da tafi biyu, ta jima. Ta kai baki ta taɓa na gefe da leɓe. Ta ce, "Angona, ga na sarauta." Ta nutsa ludayi tsakiya ta ɗebo. Shi kuma da yunwa, ya hangame baki ya zuƙe.

Ba zan rubuta ƙarar ba.

Da na iso na iske ta tsoma yatsa cikin tsakiyar kunun, ta ƙi cirewa. Ni na janye ƙwaryar.

A mota, a hanyar asibiti, numfashin yaron kamar ana jan zarto. Muna wuce Yasore Malam ya ce, bai ko waiwayo ba, "Ba a ɗanɗana ba ne?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Inna ta kalli yatsanta, ya riga ya tashi.

Lahadi, 8 ga Agusta, la'asar.

Matan bariki sun zo dubiya, mota guda. Sun kawo lemo da sabulu, an gode. Da za su fita, matar akawu ta tsaya daidai taga ta ce, wai a hankali, "Ai mutanen daji sai haƙuri, kayan zamani ba nasu ba ne." Tagar kuwa ita ke kallon dalbejiyar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ke da kika cusa langa a ciki ya yi tartsatsi, kika ruga tsakar gida ba ɗankwali kina salati, daga wane dajin kika fito?" Wata nas ta zo ta ce mu rage murya. Oho dai, su je su ce ba ni da kunya.

Ko Inna ta ji, ko ba ta ji ba, ban sani ba. Tana zaune yadda take, ta soke hannuwa cikin cinya.

Litinin, 9 ga Agusta, da safe.

Allah, ba don halina ba.

Talata, 10 ga Agusta, azahar.

Ya haɗiye! Nas ta ɗiga mashi ruwa da ƙaramin cokali, ya yamutsa fuska, maƙogwaron ya motsa, ya wuce. Da hantsi ya kama nono. Yana sha yana kuka, ni ma haka. Likita ya ce mun yi sa'a ƙwarai, nan da 'yan kwanaki sai gida. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Na fita da gudu ko takalmi babu. Na tsaya kusa da Inna na kalli bishiya na ce, "An haɗiye. An sha nono." Ta rufe ido ta jima. Ta ce, "An gode Allah." Na ce, "Ana cigiyar amarya a ciki." Ba ta tashi ba.

Na koma in ɗauko shi in kawo mata, nas ta hana, ta ce sai ruwan hannun ya ƙare. Da na sake fitowa babu kowa a gindin dalbejiya. Mai sayar da ƙosai ta ce tsohuwar ta tambaye ta hanyar tasha.

Yaro ya tashi. Abin da ya rage mani yanzu ɗaya ne, ina son in ga Inna ta sake ɗaukarsa. In ba ta ɗauke shi ba, na san ta, ba za ta ƙara zama mutum ba.

Asabar, 14 ga Agusta, hantsi. Batsari.

Mun dawo jiya. Gidan na warin rufi. Wankin da na bari a bokiti ya yi funfuna, na zubar da shi duka.

Da safe na iske Malam a kicin da sukundireba, ya cire riga, yana kokawa da murhun bango. Ya kwance ƙusoshi huɗun da ke fuska, abu ya ƙi ko motsi, ashe ta baya ma a ɗaure yake, wayarsa kuma cikin bango ta bi. Na ce ya bari kada wuta ta ja shi mu koma asibiti. Ya ce zai rubuta a turo ma'aikata su fidda shi. Na ce kayan gwamnati ne, kafin su zo Salmanu ya yi gemu. Ya jefar da sukundireban ya fita. Ni na mayar da ƙusoshin, don ba a barinsa da ƙofa a karkace.

Na koma girki a murhun duwatsu bayan gida. In na shiga kicin ɗaukar gishiri ba na ɗaga kai.

Litinin, 16 ga Agusta, bayan isha'i.

Ko kunu mai sanyi ya gani sai ya toshe baki da hannu. Nono kawai.

Alhamis, 19 ga Agusta, la'asar.

Yau kasuwar Batsari. Mero, ƙanwata da ke aure can Babban Duhu, ta biyo motar 'yan kasuwa da man shanunta, ta fara biyowa ta nan. Mun gaisa, ta duba bakin yaro, ta yi hamdala. Na ce ya Inna. Ta ce lafiya lau. Na ce Mero, kada ki yi mani lafiya lau ɗin Fulani, faɗa mani.

Ta ce, "Adda, Inna ta daina tatsa. Ƙorenta duka ta raba mana, har babbar da ta gada. In ta yi tuwo ba ta kwashewa, sai ta kira wata. 'Ya'yana in sun rugo gare ta sai ta miƙe ta shige ɗaki. Ta ce hannunta ya mutu, ya taɓa wuta ya ce mata sanyi ne. Ta ce hannun da bai san zafi ba ba shi da hurumin taɓa ɗan mutum."

Na ji kamar an zuba mani ruwan zafin a ƙirji. Na ce tashi mu je kicin, injin lantarki bai mutu ba tukuna.

"Ni? Adda, ki rufa mani asiri, ba ni kusantar wannan aljanin."

Na ja ta. Akwai sauran kunun safe, ya yi sanyi ya yi kauri. Ta miƙo mani kwanon shanta wai in zuba a ciki, na buge hannun, na ce ƙarfe ne, so kike mu ƙone gidan gwamnati? Na ɗauko 'yar ƙwaryar nan. Tun ranar tana bayan kabad, ban wanke ta ba sai yau. Na zuba, na sa a murhun bango, na rufe ƙofar sai da ta ce ƙwas, na murɗa daidai yadda na murɗa ranar. Mero ta maƙale a bakin ƙofa tana karanto duk addu'ar da ta sani.

Da ya buga ƙararrawa na ce taɓa. Ta tallaba da tafi biyu, yadda Inna ke yi, yadda duk muka koya. Ta ce, "Ai ko ɗumi bai yi ba." Na ce ɗanɗana na gefe. Ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ko jinjiri sai ya sha." Na ce sa yatsa tsakiya, a hankali.

"Wayyo Allah na!"

Ta yarfa hannu, ta cusa yatsan a baki, ta zaro ido tana kallon ƙwaryar. Sai ta zame ta zauna a ƙasan kicin ta fashe da kuka.

Na ce kin gani. Wutar itace daga gindi take ci, tukunya ta yi zafi kafin abin da ke cikinta, shi ya sa hannu ke ganewa. Wannan kuwa ba ruwansa da ƙwarya, abincin yake ci, kuma ba ya cin sa bai ɗaya, nan sanyi, nan tafasa. Hannunki na yarinya ma ya ce maki sanyi ne. Na sa ludayi na gauraya, muka jima, na ba ta. Ta kurɓa ta ce yanzu kam ɗumi ne daidai, ko'ina.

Ɗan juyin ludayin nan ke nan fa. Na tsaya ina kallon sa a hannuna har Mero ta ce, "Adda, ajiye."

Na ce ki je ki gaya mata duk abin da kika gani, ki nuna mata yatsan. Ki ce hannunta lafiya lau yake. Ki ce wadda ta ɗumama ta san ana gaurayawa, kunya ta hana ta faɗa. Ki ce ango na jiran a zo a ɗauke shi.

Lahadi, 22 ga Agusta, hantsi.

Salmanu ya tsinci ɗankwalin da Inna ta manta a bayan ƙofa, yana ta ja yana zagaye gida yana "Nna, Nna". Ya leƙa har banɗaki.

Tir da wannan kunya tamu. Tir.

Alhamis, 26 ga Agusta, azahar.

Mero ta dawo. Tun daga yadda ta ajiye ƙwaryar kanta na gane.

Ta ce ta faɗa duka, ta nuna yatsan. Inna ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta ce, "A gaida ta Safana. A ce mata ɗiya ba ta koya ma uwa ba da kunu, ba ta yi laifi ba, kada ta ɗora ma kanta. Akwatin ya ɗumama, an ji. Shi ya ɗaga ludayin?"

Na ce yayen fa? Ta ce Inna ta ce a kai shi wurin kakarsa ta wajen uba.

Na tashi na hau dakan da babu wanda ya sa ni. Mero na cewa Adda geron ya yi gari, ina ta kirɓawa. Ta ce kuma Inna ta rame, abinci sai ta ga ido ya yi mata yawa take taɓawa.

Taurin kai! Da ma a wurinta na gado shi.

Asabar, 28 ga Agusta, bayan magariba.

Malam ya shigo da ƙullin goro da turmin atamfa ya ajiye a gabana. Na ce na wa? Ya ce na Inna. Na ce ba zane ta rasa ba.

Ya zauna bakin gado ya cire hula yana juya ta. Ya ce, "Hansatu, kalmar nan da na faɗa a mota, kullum sai na ji ta a kunnena. Ni na karanta maki dokokin nan, ban taɓa tunanin in karanta ma kowa ba bayan ke. Yaya zan yi in tsaya gaban surukata in ce ta yafe mani? Ko ido ba mu haɗawa."

Na so in yi mashi masifa, na ma shirya ta tun a asibiti. Da na ga yadda ya yi wujiga-wujiga sai ta tsere mani. Na ce kai da baki, ni da baki, duk ba mu da amfani a wurinta. Mutum ɗaya ne take ji, shi za mu kai.

Ya ce zai nemi mota.

Talata, 31 ga Agusta, da safe.

Ruwa tun jiya. Ɗan'azumi ya ce rafin hanyar ya cika, ko babbar mota ba ta ƙetarewa. Salmanu ya sha kunu cokali biyu daga hannuna, sai da na sha a gabansa tukuna.

Asabar, 4 ga Satumba, bayan la'asar. Batsari.

Mun je, mun dawo.

Mun isa da hantsi. Gero ya fi mutum tsawo, sai da muka bar motar a bakin gona muka taka. Malam ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna bayan danga ya yi gaisuwa. Muryar Inna ta fito daga ciki, a hankali, tana amsawa: lafiya, lafiya, sai alheri. Ya ajiye goron ya wuce wurin maza.

Na shiga da Salmanu a kafaɗa. Tana zaune kan kifaffen turmi a ƙofar ɗakinta, ba ta yin komai. Inna, zaune da rana tsaka ba ta yin komai! Wuyanta duk ya fito. Na durƙusa na gaida ƙasa, ta amsa ma danga.

Shi kuwa yana ganin ta ya fara zillo. Na sauke shi. Ya ruga yana tangaɗi, "Nna! Nna!" ya faɗa kan gwiwoyinta. Sai ta mayar da hannuwanta biyu baya ta haɗe su.

Ya yi ta ƙoƙarin hawa cinyar, yana zamewa. Ya ja zanenta. Ya ɗaga mata hannu biyu. Da ya ga ba ta kula ba, sai ya buɗe mata baki, haa, yadda ya saba yi ma likita da duk mai zuwa dubiya. Harshen ya warke, sai ɗan fari a gefe. Ta kalla. Ta kau da kai ta ce, "Mero, zo ki ɗauke shi."

Mero ta taso. Na ce, "Mero, in kika taɓa shi ban yafe ba."

Ban taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba sai yau. Matan gidan duk suka tsaya, mai daka ta riƙe taɓarya a sama. Yaro ya ga an ƙi shi, ya zube a ƙasa ya fara birgima cikin laka, yana kuka da wannan muryar tasa da ba ta gama dawowa ba, a dishe, kamar ɗan akuya. Ƙirjina ya cika, rigata ta jiƙe. Na danne hannuwana da gwiwa. Na ce a raina ko zai shiɗe ba ni ɗauka, ba kuma mai ɗauka.

Ban san iya daɗewar da muka yi ba. Wata tsohuwa ta ce, "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah." Babu wanda ya motsa.

Sai Inna ta miƙe. Na ce shi ke nan, ɗaki za ta shige. Ta juya mana baya, ta tsaya. Sannan ta duƙa, ta dafa gwiwoyinta, ta ce ma danga, "A ɗora mani shi."

Na ɗauke shi duk laka na ɗora. Ya ƙanƙame wuyanta. Na jira ta kai hannu ta tallabe shi, ba ta kai ba. Na kwance mayafina na yafa masu, na zagayo ta gabanta na ɗaure, sama da ƙasa. Rabona da in taɓa jikin Inna ban ma tuna ba. Haƙarƙarinta duk a waje, ina jin bugun zuciyarta a bayan yatsuna. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Ta miƙe tsaye. Kukan ya tsaya, sai ajiyar zuciya. Ta ce, "Angona, ka yi nauyi. Wa ke ba ka abinci ban sani ba?" Muryar ta karye a tsakiya. Ta nufi wajen garke da shi tana 'yar jijjiga, ta haɗe hannuwanta a ƙirji.

Na bar shi can. Mero ce za ta riƙa ba shi kunu, haka Inna ta ce, kuma ban ja ba. Nonona kamar dutse, na ɗaure da ɗankwali. Gidan shiru, Malam ya fita bai ce inda za shi ba.

Har muka kama hanyar mota Inna na goye da shi. Na waiwaya daga bakin gona, na ga ya yi barci, goyon ya zame, kansa ya langaɓe gefe. Ta ji. Ta tsaya cak, ta duƙa, hannuwanta a gwiwa, tana jiran Mero ta zo ta gyara.